Norbert Wiener: Masanin lissafin da ya nuna yadda ake gane halin na'ura da jikin ɗan Adam ba tare da an buɗe su ba

Likitan da ke sa wa majiyyaci maganin barci a ɗakin tiyata da injiniyan da ke kula da turken sadarwar waya suna fama da matsala iri ɗaya, duk da cewa sana'arsu ta sha bamban.

Kowannensu yana tsaye ne a gaban abin da ba zai iya buɗewa ya leƙa cikinsa yana aiki ba. Ya san abin da ya zuba, yana ganin abin da ya fito, kuma dole ne ya yi hasashen abin da zai faru idan ya ƙara ko ya rage.

Akwai fannin ilimi guda da aka gina domin wannan matsala. Aikinsa shi ne a auna abin da ya shiga da abin da ya fita, a fitar da samfurin lissafi da zai kwaikwayi halin abin da ake nazari. Daga cikin mutanen da suka aza harsashin wannan fanni, babu wanda ake yawan ambato kamar Norbert Wiener, Ba'amurke masanin lissafi da ya rayu daga 1894 zuwa 1964.

Wiener ya yi digirin digirgir yana ɗan shekara 18. Ya yi wa sojojin ƙasarsa aiki a yaƙin duniya biyu, daga baya kuma ya fito fili ya ce ba zai ƙara ba masu ƙera makamai iliminsa ba.

Yaron da mahaifinsa ya mayar abin gwaji

An haifi Norbert Wiener ranar 26 ga Nuwamba, 1894, a garin Columbia da ke jihar Missouri ta Amurka. Mahaifinsa, Leo Wiener, Bayahude ne haifaffen Bialystok, garin da a lokacin yake ƙarƙashin daular Rasha. Mutum ne mai jin harsuna da yawa, wanda ya zama malamin harsunan Rasha da maƙwabtanta a Jami'ar Harvard, kuma shi ya fassara ayyukan Tolstoy zuwa Turanci a juzu'i 24.

Leo ya ɗauki karatun ɗansa a hannunsa. A gida yake koya masa lissafi da harsuna, da tsanani mai yawa. Norbert ya ba da labari a tarihin rayuwarsa na 1953, mai suna Ex-Prodigy, cewa kuskure ɗaya a darasin aljabara kan mayar da uban mai fara'a wani mutum dabam, mai faɗa da gori har sai yaron ya fashe da kuka.

Lokacin da yake wajen shekara takwas, idanunsa suka yi rauni har likita ya hana shi karatu na wata shida. Darasi bai tsaya ba. Aka riƙa karanta masa yana saurare, lissafi kuma ya riƙa yin sa a ka.

Ya gama sakandare a garin Ayer a 1906 yana ɗan shekara 11, ya shiga Kwalejin Tufts, ya fito da digirin lissafi a 1909 yana da shekara 14. Jaridu suka yi ta buga labarinsa. Amma mahaifin ya riƙa faɗa a bainar jama'a cewa ɗansa yaro ne kamar kowa, salon tarbiyyarsa ne ya yi aiki. Wato idan an ci nasara ta uba ce, idan an faɗi laifin ɗa ne. Wannan miki bai taɓa warkewa a zuciyar Norbert ba.

Abin da ya fara sha'awa shi ne ilimin dabbobi, kuma ya shiga Harvard domin karanta shi. Sai dai raunin ido da rashin iya sarrafa hannu suka sa aikin ɗakin gwaje-gwaje ya gagare shi. Ya koma falsafa, ya yi shekara guda a Jami'ar Cornell, ya dawo Harvard ya kammala digirin digirgir a 1913 a kan manɗikin lissafi.

Shekarun neman madafa

Daga nan ya tsallaka Ingila, inda ya yi karatu a Cambridge a hannun Bertrand Russell da G. H. Hardy. Russell ne ya ba shi shawarar ya karanta takardun da Albert Einstein ya fitar a 1905, shawarar da ta yi masa rana daga baya. A 1914 ya je Göttingen ta Jamus ya zauna gaban David Hilbert, kafin yaƙin duniya na farko ya katse masa zaman.

Da ya koma gida, sunan da ya yi a yarinta bai samar masa kujera ba. Ya koyar na ɗan lokaci a Jami'ar Maine, ya yi aiki a kamfanin General Electric, ya yi rubutu a kundin Encyclopedia Americana, har aikin jarida ya taɓa a Boston Herald. A 1918 ya shiga rukunin masanan da ke lissafa tafiyar harsasan manyan bindigogi a sansanin gwajin makamai na Aberdeen da ke jihar Maryland.

A 1919 ya samu aikin koyarwa a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wato MIT. A lokacin sashen lissafin makarantar ba wani suna ya yi ba, aikinsa kawai koya wa ɗaliban injiniya. Wiener ya zauna a nan fiye da shekara 40, kuma zama cikin injiniyoyi ne ya juya akalar lissafinsa zuwa ga wayar tarho da rediyo da lantarki.

Lissafin abin da ba shi da tsari

Babban aikinsa na farko ya shafi wani abu da masanin tsirrai Robert Brown ya lura da shi a 1827. Idan aka duba 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi a cikin ruwa da madubin ƙara girman abu, za a ga suna ta zillo nan da can ba hutawa, ba tare da wata alƙibla ba. Einstein ya bayyana dalilin a 1905: ƙwayoyin ruwan da ido ba ya gani ne ke bugun su ta kowace fuska.

Abin da ya rage shi ne a samar da lissafi tsayayye na irin wannan tafiya. Wiener ya yi haka a 1923. Ba wanda zai iya faɗin inda ƙwaya ɗaya za ta nufa, amma ya nuna cewa ana iya auna yiwuwar dukkan hanyoyin da za ta iya bi, a yi lissafi da su daidai wa daida. Har yau da sunansa ake kiran wannan samfuri, kuma ana amfani da shi daga kimiyyar lantarki har zuwa hada-hadar hannun jari.

Wannan aiki ya ba shi wata fahimta da ta bi shi tsawon rayuwarsa. Hayaniyar nan ta shuuu da rediyo ke yi idan ba a kama tasha ba, wadda injiniyoyi ke ɗauka a matsayin abin damuwa kawai, tana da dokokin lissafi nata.

A 1926 ya auri Margaret Engemann, suka haifi 'ya'ya mata biyu. A 1933 ya samu lambar yabo ta Bôcher daga ƙungiyar masanan lissafi ta Amurka. Daga 1935 zuwa 1936 ya koyar a Jami'ar Tsinghua ta ƙasar Sin, bisa gayyatar tsohon ɗalibinsa, injiniya Yuk-Wing Lee, wanda daga baya ya zama gadar da ta haɗa tunanin Wiener da aikin injiniyoyi.

Bindigar kakkaɓo jirage

A 1940 jiragen yaƙin Jamus suna ruwan bama-bamai a kan Ingila, kuma bindigogin ƙasa ba sa samun su yadda ya kamata. Dalilin a fili yake. Harsashi kan ɗauki daƙiƙoƙi masu yawa kafin ya kai inda jirgi yake, don haka dole a harba shi inda jirgin zai kasance nan gaba. Shi kuma matuƙin jirgin ba zai tafi a miƙe ya jira mutuwa ba, kauce-kauce yake yi.

Wiener da wani matashin injiniya, Julian Bigelow, suka ɗauki wannan aiki. Tunaninsu shi ne ko kauce-kaucen matuƙi yana da iyaka, domin nauyin jirgi da juriyar jikin mutum ba za su bari ya juya yadda ya ga dama ba. Saboda haka idan aka nazarci yadda ya yi tafiya a daƙiƙoƙin baya, ana iya fitar da hasashe mafi ƙarancin kuskure.

Na'urar da suka ƙera ba ta kai fagen yaƙi ba. Da aka gwada ta, ba ta fi hanyoyi masu sauƙi da wasu injiniyoyi suka samar da wani abin kirki ba, sai aka rufe aikin. Amma rahoton sirri da Wiener ya rubuta a 1942 ya zama tushen ilimin tace saƙo daga hayaniya. Bangonsa ruwan ɗorawa ne, lissafinsa kuma mai tsauri, har injiniyoyi suka yi masa laƙabi da bala'i mai ruwan ɗorawa. An buga shi ga kowa a 1949. A Tarayyar Sobiyet ma Andrey Kolmogorov ya kai ga sakamako makamancin wannan a kashin kansa.

Akwai wani abin da suka lura da shi a wannan aiki. Mai harbi yana duba tazarar da ke tsakanin inda ya saita da inda jirgi yake, ya gyara, ya sake dubawa. Bayanin kuskure yana komowa ya gyara mataki na gaba. Injiniyoyi sun san cewa idan gyaran ya yi yawa, na'ura kan wuce gona da iri, ta dawo ta sake wucewa, ta kama rawa.

Wiener ya tambayi abokinsa, likita ɗan ƙasar Meziko Arturo Rosenblueth, ko akwai cutar da ke sa mutum haka. Rosenblueth ya tabbatar masa akwai. Wanda ya samu lahani a ƙaramin sashen ƙwaƙwalwa da ke ta ƙeya, idan ya miƙa hannu zai ɗauki abu, hannun kan kama karkarwa yana wuce abin yana dawowa. A 1943 su uku suka fitar da takarda da ke cewa ƙa'ida ɗaya ce ke tafiyar da na'ura mai gyara kanta da jikin mai rai.

Daga bindiga zuwa bugun zuciya

A 1944 Rosenblueth ya koma gida ya kama aiki a sabuwar Cibiyar Nazarin Zuciya ta Ƙasa a birnin Meziko. Wiener ya riƙa zuwa yana yin watanni a can, kuma ta haka ya koma ga ilimin halittu da ya gagare shi yana yaro.

A 1946 suka fitar da samfurin lissafi na yadda saƙon lantarki ke ratsa tsokar zuciya. A samfurin, kowane ɗan yanki na tsokar yana cikin ɗayan hali uku: ko yana harbawa, ko yana hutun dole da ba zai amsa kira ba, ko kuma ya shirya. Da wannan suka nuna yadda saƙo zai iya kama zagaye yana bin wutsiyarsa, ya sa zuciya bugun da ya fita daga ƙa'ida. Likitocin zuciya na amfani da wannan fahimta ta saƙo mai zagaye har yau.

A Meziko ne kuma ya rubuta littafin da ya sa duniya ta san shi, Cybernetics, wanda ya fito a 1948. Ya samo sunan daga kalmar Girkanci mai nufin matuƙin jirgin ruwa. Daga wannan suna ne kalmar saiba, da ake liƙa wa tsaron intanet da laifukan intanet a yau, ta samo asali.

Inda biyu da biyu ba sa ba da huɗu

Yawancin lissafin injiniyoyi na wancan zamani an gina shi ne a kan abin da za a iya kira miƙaƙƙen tsari. A irin wannan tsari, idan ka ninka abin da ka zuba, abin da zai fito ma zai ninka. Idan ka zuba abu biyu tare, sakamakon shi ne jimlar abin da kowanne zai bayar shi kaɗai.

Gane halin miƙaƙƙen tsari ba wuya. Kamar mai sayen tukunyar ƙasa ne, da zai ƙwanƙwasa ta sau ɗaya ya saurari amonta ya san lafiyarta. Injiniya ma bugu ɗaya zai yi wa na'urar, ya rubuta yadda ta amsa, daga nan ya lissafa yadda za ta amsa kowane irin saƙo.

Matsalar ita ce abubuwa kaɗan ne a duniya ke tafiya haka. Lasifika na ƙara sauti yadda ake so zuwa wani mizani, daga nan sai murya ta fara tsagewa. Ƙwayar magani biyu ba ta ba da sauƙi ninki biyu, tana iya zama guba. Ido da ya fito daga ɗaki mai duhu ba ya amsa hasken rana kamar idon da ya daɗe a waje. Waɗannan su ne lanƙwasassun tsare-tsare, kuma da yawansu suna da wani hali na biyu: abin da ya same su ɗazu yana canza yadda za su amsa yanzu.

A nan bugu ɗaya ba ya wadatarwa. Bugu mai ƙarfi da marar ƙarfi amsarsu dabam ce, kuma bugu biyu a jere suna shafar juna.

Wanda ya fara samar da lissafin da zai iya ɗaukar irin wannan hali shi ne Vito Volterra na Italiya, tun a 1887. Volterra, wanda ya rasu a 1940, yana cikin farfesoshi 12 kacal daga cikin sama da 1,200 da suka ƙi yi wa gwamnatin Mussolini rantsuwar biyayya a 1931. Dabararsa ita ce a rarraba amsar tsari hawa-hawa. Hawan farko shi ne tasirin kowane bugu shi kaɗai. Na biyu shi ne ƙarin da ake samu idan bugu biyu suka haɗu. Na uku na bugu uku ne, haka har sama.

Sai dai auna waɗannan hawa a zahiri ya yi wuya, domin a cakuɗe suke fitowa. A nan ne Wiener ya kawo gudunmawarsa, wadda ya fara a wani rahoto na 1942 kan yadda lanƙwasasshiyar na'ura ke amsa hayaniya.

Shawararsa ita ce a daina gwaji da bugu ɗaya ko sauti ɗaya. A zuba wa tsarin hayaniya marar tsari, irin shuuu ɗin rediyo, wadda masana ke kira farar hayaniya. Dalili kuwa, idan aka bar ta ta daɗe, kowane irin salo na bugu, babba da ƙarami, kusa da nesa, zai bayyana a cikinta. Tamkar an yi wa tsarin dukkan tambayoyi ne a zama ɗaya. Sannan ya sake tsara lissafin Volterra ta yadda, muddin da wannan hayaniya aka yi gwajin, kowane hawa zai ware daga sauran, a iya auna shi shi kaɗai.

Ya kwatanta abin da akwati biyu. Ɗaya baƙi ne, rufaffe, ba a san cikinsa ba. Ɗayan fari ne, mu muka haɗa shi. A zuba musu hayaniya iri ɗaya, a yi ta daidaita farin har ya riƙa ba da amsar da baƙin ke bayarwa. Idan an kai nan, an samu abin da zai tsaya a madadin baƙin akwatin wajen hasashe, ko da ba a taɓa ganin cikinsa ba.

Laccocin da ya yi a kan wannan a MIT su ne suka zama littafinsa na 1958, Nonlinear Problems in Random Theory. Lee da ɗalibansa ne suka naɗi muryarsa a rakoda, suka riƙa ɗaukar hoton allo kafin ya goge, suka mayar da su littafi.

Abin da aka yi da wannan dabara

Lee da ɗalibinsa Martin Schetzen suka sauƙaƙa hanyar awon, suka buga ta a 1965. Wani ɗalibin Lee, Amar Bose, ya yi digirin digirgir a 1956 a kan lanƙwasassun tsare-tsare, kafin ya kafa kamfanin kayan sauti na Bose a 1964.

Masu nazarin jiki ne suka fi rungumar dabarar. A ƙarshen shekarun 1960, Lawrence Stark ya yi amfani da ita wajen auna yadda ƙofar hasken da ke tsakiyar idon mutum ke tsukewa da buɗewa. A ƙasar Holan, Egbert de Boer ya bi hanya makamanciyar wannan wajen nazarin jijiyar ji. A 1972, Panos Marmarelis da Ken-Ichi Naka na Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya suka gwada ta a kan tantanin bayan idon tarwaɗa, suka fitar da samfurin da ke hasashen yadda ƙwayoyin jijiyar idon za su amsa.

A ɗakin tiyata ma ana cin moriyar wannan tunani. Yadda maganin barci ke bazuwa a jini kusan a miƙe yake, amma tasirinsa a ƙwaƙwalwa a lanƙwashe yake: da farko ba a ganin komai, sai ya hau da sauri, sannan ya tsaya. Samfurin da ya haɗa miƙaƙƙen sashe a gaba da lanƙwasasshe a baya, da sunan Wiener ake kiran sa, kuma masu binciken na'urorin daidaita maganin barci na aiki da shi.

Wayar da ke hannun mai karatu ma ba a bar ta a baya ba. Na'urar ƙara ƙarfin saƙo da ke kan turken sadarwa tana murɗa saƙon idan aka matsa mata, har ya fantsama cikin layin maƙwabta. Injiniyoyi kan auna wannan murɗiya da taƙaitaccen lissafin Volterra, sai su murɗa saƙon ta ɗaya ɓangaren tun kafin ya shiga, ya fito a daidai.

Dabarar tana da nata cikas. Idan tsari yana tuna matakai 100 na baya, hawan farko na buƙatar a auna lambobi 100, na biyu 5,050, na uku kuma 171,700. Shi ya sa a aikace ba kasafai ake wuce hawa na biyu ko na uku ba. Haka kuma samfurin da ya iya hasashe ba lallai ne ya bayyana dalilin da ya sa abu ke faruwa ba. Wannan muhawara tana nan da ranta a kan ƙirƙirarriyar basira ta yau, wadda ita ma koyon halin abu take yi daga abin da ya shiga da abin da ya fita.

Ba duk hasashen Wiener ne ya tabbata ba. Ya yi amannar cewa kaɗawar lantarkin ƙwaƙwalwa mai bugawa kusan sau 10 a daƙiƙa tana fitowa ne daga ƙwayoyin jijiya da ke jan juna su daidaita, kamar injinan wuta da aka haɗa a layi ɗaya. Gwaje-gwajen baya ba su tabbatar da ainihin siffar da ya zana ba, amma Arthur Winfree a 1967 da Yoshiki Kuramoto a 1975 sun gina lissafin yadda irin wannan daidaituwa ke faruwa.

Ranar da ya ce a'a

Bama-baman nukiliya da aka jefa a Hiroshima da Nagasaki a 1945 sun girgiza Wiener, duk da cewa ba ya cikin waɗanda suka ƙera su. A ƙarshen 1946 wani masani da ke aikin makamai masu linzami a wani kamfanin ƙera jiragen sama ya rubuto yana neman kwafin rahotonsa na lokacin yaƙi. Wiener ya ƙi bayarwa, kuma ya aika amsar tasa ga mujallar The Atlantic Monthly, wadda ta buga ta a Janairun 1947.

Hujjarsa ita ce masanin da ya miƙa iliminsa ga masu makami ba zai iya wanke hannunsa daga abin da za a yi da shi ba. A lokacin da kuɗin bincike a Amurka daga aljihun soja yake fitowa, wannan matsayi ya nesanta shi da manyan ayyuka, kuma hukumar FBI ta buɗe masa fayil.

Ya kuma hango cewa injuna masu sarrafa kansu za su raba ma'aikata da aikinsu. A 1949 ya rubuta wa Walter Reuther, shugaban ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan ƙera motoci, yana jan hankalinsa da su shirya. A 1950 ya fitar da littafin The Human Use of Human Beings domin bayyana wa talaka wannan haɗari.

Shi kansa ba mutum ne mai sauƙin zama ba. Yana da yawan mantuwa, yana da son a yaba masa, kuma ya sha fama da matsananciyar damuwa. A farkon shekarun 1950 ya yanke hulɗa kwatsam da Warren McCulloch da Walter Pitts, mutanen da suka fitar da samfurin lissafi na ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa a 1943. Wannan rabuwa ta wargaza tawagar da ake sa ran za ta haɗa ilimin ƙwaƙwalwa da na na'ura, kuma Pitts bai ƙara komawa yadda yake ba har ya rasu a 1969.

Aikin ƙarshe

Da ya rufe ƙofar makamai, sai ya karkata ga masu buƙata ta musamman. Shi da Jerome Wiesner sun gwada wata na'ura da ke mayar da sauti motsi a yatsu domin kurame, wadda Helen Keller ta gwada a 1950.

A 1961 ya faɗi ya karye a ƙugu, aka kwantar da shi a Babban Asibitin Massachusetts. A gadon jinyar ne ya tattauna da likitocin ƙashi, ciki har da Melvin Glimcher, a kan hannun roba da zai riƙa karɓar umarni daga ɗan lantarkin da ragowar tsokar mai yankakken hannu ke fitarwa. Injiniyan MIT Robert Mann ya ja ragamar ƙera shi, aka nuna shi ga jama'a a 1968 da sunan Hannun Boston.

Wiener bai ga wannan rana ba. A Janairun 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya miƙa masa lambar yabon kimiyya ta ƙasa. Bayan wata biyu, ranar 18 ga Maris, 1964, ciwon zuciya ya kama shi a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, ya rasu yana da shekara 69.

Littafinsa na ƙarshe, God and Golem, Inc., wanda ya samu lambar yabon littattafai ta ƙasa a 1965, gargaɗi ne a kan na'urorin da ke koyo da kansu. Abin da ya fi damun sa a ciki shi ne mutanen da za su miƙa wa na'ura yanke hukunci domin su kauce wa ɗaukar alhaki. A ganinsa na'ura za ta yi abin da aka umarce ta ne daidai, ko da ba shi ne abin da aka yi nufi ba, don haka nauyin zaɓen abin da za a nema daga gare ta yana kan ɗan Adam.